DARASI NA 17: ZAƁEN INJI GA MOTAR DA ZA A SAYAR

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran za ka iya:

1. bayyana hanyoyin da ake bi a samu inji idan na mota ya lalace;
2. faɗin abubuwan da ake dubawa kafin a biya kuɗin inji;
3. amfani da kalmomin gareji da na kasuwa a cikin jimlolinka;
4. rarrabe siffofin aikatau "saya".

Share Fage

Ka taɓa shiga motar da ta mutu a tsakiyar hanya? Me direba ya ce ya same ta? Da kai ne ka sayi motar nan mako biyu da suka wuce, wa za ka fara nema? Ka riƙe amsoshinka a zuci, za mu koma kansu a ƙarshen karatu.

KARATU

Vom da motocinta

Garin Vom yana cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, a Jihar Filato. Idan ka taso daga Jos ka wuce Bukuru, ka kusa isa. Ƙasar Berom ce, su kuwa Vwang suke kiran ta. Sunan garin ya bazu ne saboda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, wadda aka kafa harsashinta a nan a shekarar 1924, lokacin da ake yaƙi da bushiya, cutar da ke hallaka shanu. Akwai kuma tsohon asibitin mishan, da kwalejoji, ga kuma Kuru a maƙwabta, inda Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa take tun 1979. A kewayen garin manoma suna noma dankalin Turawa da kabeji da karas, suna kai su kasuwannin Bukuru da Jos.

Ma'aikaci da malamin makaranta da manomi da direban haya, kowa yana bukatar mota, amma kaɗan ne ke iya sayen sabuwa. A da, bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ma'aikacin gwamnati yakan karɓi rance ya sayi 504 sabuwa dal. Yau yawancin motocin da ke kan titi na hannu ne. Wasu an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a shigo da su, su ne ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. Wasu kuma a nan gida suka tsufa, sun bi hannu biyu ko uku.

Wannan ya buɗe wa mutane da yawa hanyar abinci. Mutum yakan sayi motar da ta lalace da araha, ya gyara ta, ya sayar, ya ci riba. To, a ce kai ne ka shiga wannan sana'a. Ka sami wata Toyota Corolla ƙirar 2005, wadda aka shigo da ita daga Amurka shekarun baya. Bodinta lafiya, giyarta lafiya, amma injin ya buga. Ka zuba jarinka ka saye ta. Yanzu sauran tambaya guda: wane inji za ka sa mata?

Wanda zai sa inji a motar hawansa yakan nemi mafi kyau, domin shi zai sha wahala idan ta tsaya. Wanda zai sayar kuwa, zuciyarsa takan raya masa cewa ya sa kowane iri, tunda ba shi zai hau ba. Wannan darasi zai nuna maka dalilin da ya sa shawarar nan ta zuciya take cutar mai saye, kuma take cutar mai sayarwa.

Hanyoyi huɗu

Hanya ta farko ita ce a yi wa tsohon injin garambawul. Bakanike zai sauke shi, ya kwance, ya sauya zobban fistin da gasket da sauran abin da ya cinye, sannan ya mayar. Amfanin wannan hanya shi ne lambar injin ba ta sauya ba, saboda haka takardun mota suna nan daidai. Sai dai aikin ya dogara ga hannun bakanike da ingancin kayan gyara. Idan kuwa gangar jikin injin ta tsage, garambawul ba zai yi magani ba.

Hanya ta biyu ita ce sayen injin Beljiyam, wato wanda aka cire daga mota a ƙasar waje. Irin waɗannan injuna suna shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas, su bazu zuwa manyan kasuwannin kayan mota, kamar Ladipo a Legas, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Dilimi a cikin Jos. Da yawansu daga Japan suke. A can, doka ta wajabta a kai mota gwajin lafiya bayan shekara uku da sayenta, daga nan kuma duk bayan shekara biyu. Gwajin yana da tsada, shi ya sa mutane sukan rabu da mota tun injinta yana da sauran ƙarfi. Sitiyarin motocin Japan a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da motoci masu sitiyari a hagu. Don haka akan yanka motar, a kawo injin da sauran kayanta.

Hanya ta uku ita ce sayen injin gida, wanda aka cire daga motar da ta yi haɗari ko ta tsufa a nan Nijeriya. Ya fi na Beljiyam araha. Idan ka san motar da aka cire shi, ka kuma san mai ita, yana iya zama sa'a. Idan ba ka sani ba, cinikin biri a sama ne.

Hanya ta huɗu ita ce sabon inji daga kamfani. Ba za mu tsaya a kanta ba, domin kuɗinsa yakan cinye duk ribar da kake nema a tsohuwar mota.

Inji ya dace da mota

Kowace hanya ka bi, ƙa'ida ta farko ita ce: ka sa wa mota irin injin da aka ƙera ta da shi. Kowane inji yana da suna na haruffa da lambobi, an buga shi a jikin ƙarfensa. Ita ma mota tana da lambar shasi, wadda tun 1981 take da haruffa da lambobi 17. Da ita ake gane shekarar ƙira da irin injin da ya fito da motar.

Dubi Corollar da ka saya. Wadda aka ƙera don kasuwar Amurka a wannan shekara tana zuwa da inji mai suna 1ZZ-FE, mai lita 1.8, da ƙarfin doki kusan 130. Amma kamfanin ya ƙera wa injin nan ƙanne biyu don wasu kasuwanni: 3ZZ-FE mai lita 1.6, da 4ZZ-FE mai lita 1.4, wanda ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Su ukun sun yi kama ƙwarai. Wanda bai karanta sunan da ke jikin ƙarfe ba, ana iya ba shi ƙarami a kuɗin babba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Me zai faru idan aka sa ƙaramin? Motocin zamani suna da 'yar kwamfuta da ake kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ke auna yawan fetur da iskar da za su shiga inji, kuma an tsara ta ne don girman inji guda. Idan aka haɗa ta da wani dabam, lissafinta ya rikice. Mota takan riƙa shan mai, ko ta riƙa shaƙewa, ko fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa. Wasu kanikawa sukan yanke wayoyi su yi ƙulle-ƙulle don a rufe matsalar. Mai saye mai wayo, da ya buɗe bonet ya ga wayoyi a ɗaɗɗaure, sai ya rage tayi ko ya juya.

Haka kuma kada ka ruɗu da babban inji. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar farko da masu saye suke yi ita ce, "Tana shan mai?" Inji mai silinda shida ya fi mai huɗu ƙarfi, amma ya fi shi shan mai, ya kuma fi shi nauyi. Ba kowace giya ce za ta ɗauke shi ba.

Tudu yana da nasa hukunci

Akwai abin da ya kamata mai sana'ar mota a Filato ya sani fiye da takwaransa na Legas. Vom tana bisa tudu, fiye da mita 1,200 daga doron teku. Inji yana aiki ne ta hanyar ƙona fetur da iska. Duk lokacin da aka yi sama, iska takan yi shara-shara, sai abin da inji ke shaƙa ya ragu. Masana injuna sun ƙiyasta cewa injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke tura masa iska da ƙarfi, yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Ka yi lissafi da kanka: a mita 1,200, an rasa kimanin kashi 12 cikin 100. Inji mai doki 130 a bakin teku, idan ya iso Vom bai fi 115 ba. Ƙaninsa kuwa, da ma can bai kai 100 ba.

Yanzu ka tuna hanyoyinmu. Wanda ya taso daga Abuja ta Akwanga, sai ya hau Hawan Kibo kafin ya iso. Wanda ya fito daga Kafanchan ta Manchok, shi ma hawa zai yi ta yi har Vom. Ka sawwala motar da aka sa wa ƙaramin inji ko gajiyayye, ɗauke da mutum biyar da buhunan kaya, tana tsakiyar hawa, ga babbar mota a bayanta. Injin ya yi zafi, ruwan lagireto ya tafasa, mota ta mutu. A nan magana ta wuce ta kuɗi, ta koma ta rayuka. Waɗanda ke cikin motar ba su san cinikin da ka yi a kasuwa ba, amma su ne za su biya.

Sanyin Filato ma yana da nasa darasi. A lokacin hunturu, awon yanayi yakan sauka zuwa wajen digiri 10 da asuba. A cikin inji akwai wani ɗan bawul da ake kira tamostat, wanda ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Kanikawa da yawa sukan cire shi, wai don kada mota ta yi zafi. A ƙasa mai sanyi wannan kuskure ne, domin injin da bai ɗumama ba yana shan mai da yawa, yana kuma saurin cinyewa. Ka tabbata an bar shi a wurinsa.

Gani ya kori ji

Kada ka je kasuwa kai kaɗai, kuma kada ka yi aike. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi. Ga abin da za ku duba:

1. Suna da lamba. Ku goge jikin injin ku karanta. Idan an kankare lambar, ku bar shi komai arharsa, domin yana iya zama na sata.
2. Murfin baƙin mai. Ku buɗe ku leƙa. Idan ciki ya yi baƙin dasƙararren datti kamar kwalta, ba a kula da juyen mai ba. Idan man ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, wato gasket ya ƙone ko kan silinda ya tsage.
3. Fulogi. Ku kwance su duka. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna zobban fistin sun cinye.
4. Juyawa. Bakanike ya sa sufana ya juya injin da hannu. Ya kamata ya juya ba tare da cijewa ba.
5. Alamar kwancewa. Kan noti da ya sha sufana, da sabon gam a mahaɗa, da sabon fenti, duk suna nuna an taɓa buɗe shi. Wasu sukan wanke injin gida su sayar da shi da sunan Beljiyam. Ƙyalli ba shaidar lafiya ba ne.
6. Matsi. Idan akwai ma'aunin matsi, a auna kowace silinda. Bai kamata bambancinsu ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba.

Bayan an ɗora injin, gwaji bai ƙare ba. Ka tayar da motar da sassafe, kafin ta ɗumama, domin a lokacin ne inji ba ya iya ɓoye ciwonsa. Ka saurari ƙararsa, ka dubi hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi yana nufin fetur ya yi yawa. Farin tururi kaɗan da safe ba komai ba ne a Filato, amma idan ya yi kauri ya ƙi ɗaukewa bayan mota ta ɗumama, ruwa ne ke shiga silinda. Motocin da aka ƙera don Amurka tun daga 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar gwaji ta karanta abin da ƙwaƙwalwar mota ta gani. Ka biya a jona. Daga nan ka ɗauki mutane, ka hau tudu da ita, idonka a kan allurar zafi.

Takardu

Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da kwanan wata, da sunan injin, da lambarsa. Yawancin masu sayarwa sukan ba da 'yan kwanaki na gwaji. A rubuta adadin kwanakin a kan rasit, domin magana zarar bunu ce. Takardun mota suna ɗauke da lambar shasi da lambar inji. Idan ka sauya inji, ka kai rasit ofishin lasisin motoci a gyara bayanin. In ba haka ba, wata rana 'yan sanda ko jami'an duba lafiyar motoci za su tare wanda ya saya, su tarar lambar da ke jikin inji dabam, ta takarda dabam.

Lissafin riba

Alƙaluman da ke biye misali ne kawai don darasi, domin farashin kasuwa kullum sauyawa yake. A ce ka sayi motar a kan N3,000,000, kuma idan ta sami lafiya za ta sayu N4,500,000. Kuɗin aiki da baƙin mai da ƙananan kaya N150,000 ne. Takardu da la'adar dillali N100,000.

Idan ka sa inji mai araha na N500,000, ka kashe N3,750,000, ribarka N750,000. Idan ka sa wanda ya dace, na N800,000, ka kashe N4,050,000, ribarka N450,000. A ido, na farko ya fi. To, amma a ce bayan mako uku mai arahar nan ya buga, mai saye ya jawo motar zuwa ƙofar gidanka tare da shaidunsa. Dole ka sayi na N800,000 ɗin da ka guje wa, ka sake biyan aiki N150,000. Abin da ka kashe ya zama N4,700,000. Riba ta tafi, ka kuma faɗi N200,000 daga uwar kuɗi. Garin neman ƙiba an samo rama.

Faɗin gaskiya ga mai saye

Wataƙila ka ce, "Idan bai dawo ba fa?" Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi nazarin kasuwar motocin hannu a wata maƙala da ya buga a 1970. Ya lura cewa mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Saboda tsoron cuta, mai saye yakan yi tayin wulaƙanci ga kowace mota, mai kyau da maras kyau. Masu motoci nagari sai su ƙi sayarwa a wannan farashi, su janye. A ƙarshe kasuwa ta cika da rubabbu. Wannan nazari yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Darasinsa a fili yake: mai ha'inci guda yana karya farashin kowa, har da nasa na gobe.

Maganin wannan shi ne shaida. Ka gaya wa mai saye cewa an sauya inji. Ka nuna masa rasit, ka faɗa masa sunan injin da inda aka samo shi. Ka bar shi ya zo da nasa bakaniken. Wannan ba ya rage darajar mota. Mutumin da ya ga takarda ya fi sakin jiki ya biya fiye da wanda aka cika da rantsuwa. Ka kuma tuna cewa Vom ba Legas ba ce. Wanda ka sayar wa mota, gobe za ku haɗu a kasuwa ko wurin biki, kuma abokan aikinsa su ne masu sayenka na gaba. Yanzu ka koma kan tambayar da muka yi a share fage. Wanda motarsa ta mutu mako biyu bayan saye, mai sayarwa zai fara nema. A wannan karo, kai ne mai sayarwar.

TATTAUNAWA: A Shagon Injuna

Ku karanta bibbiyu. Mai saye saurayi ne, mai shago kuwa dattijo.

Mai saye: Salamu alaikum. Barka da kasuwa, Alhaji.
Mai shago: Alaikumus salam. Barka kadai, samari. Me ake nema?
Mai saye: Injin Corolla nake so, mai lita 1.8.
Mai shago: Ga wannan, jiya aka sauke shi. Dubi yadda yake ƙyalli.
Mai saye: Na gani, Alhaji. Amma a yi haƙuri, bari maigidana ya karanta lambar.
Mai shago: Bismilla. Kaya na mai saye ne.
Mai saye: Ya ce wannan mai 1.6 ne. Babu babban?
Mai shago: Akwai, ga shi can ciki. Sai dai ya fi wannan kuɗi.
Mai saye: Ba komai. In ya yi, kwana nawa za a ba ni na gwaji?
Mai shago: Mako guda.
Mai saye: To, don Allah a rubuta mini a rasit, tare da lambar injin.
Mai shago: Kai yaron nan, ka san ciniki! Za a rubuta. Allah ya sa albarka.
Mai saye: Amin, Alhaji. Na gode.

MA'ANAR KALMOMI

bakanike: mai gyaran mota. Jam'i: kanikawa.
inji ya buga: inji ya lalace daga ciki har ba ya aiki.
garambawul: kwance inji a gyara shi gaba ɗaya. Yanzu akan ce an yi wa ma'aikata ko majalisa garambawul.
lagireto: tukunyar ruwan da ke sanyaya inji.
salansa: bututun da hayaƙi ke fita.
baƙin mai: man da ke sa ƙarafan inji su yi santsi.
jari ko uwar kuɗi: kuɗin da aka fara sana'a da su.
la'ada: ladan da ake ba dillali.
tayi: farashin da mai saye ya ambata.
ha'inci: ɓoye aibin kaya don a cuci mai saye.
shara-shara: maras kauri.

KARIN MAGANA

Cinikin biri a sama: sayen abin da ba a gani ba, ba a kuma tabbatar da shi ba.
Kama da wane ba ta wane: abu biyu suna iya yin kama, amma ba ɗaya suke ba.
Gani ya kori ji: abin da ka gani da idonka ya fi labari.
Magana zarar bunu ce: idan ta fita ba ta komawa, saboda haka a yi hattara da ita.
Garin neman ƙiba an samo rama: kwaɗayin ƙari ya jawo asara.

NAHAWU: Siffofin Aikatau "Saya"

Ƙarshen aikatau a Hausa yakan sauya, ma'ana ta sauya tare da shi. Ka lura da waɗannan:

saya (idan babu karɓau a bayansa): Wannan ne injin da na saya.
sayi (kafin suna): Na sayi inji.
saye (kafin wakilin suna): Na saye shi.
sayo (a saya a kawo nan): Na sayo inji daga Jos.
sayar da (a ba wani a karɓi kuɗi): Na sayar da mota.
sayu (ciniki ya yiwu): Motar ta sayu da wuri.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne haɗa "sayi" da "sayar da". Wanda ya sayi mota, kuɗi ya bayar. Wanda ya sayar da mota, kuɗi ya karɓa.

AUNA FAHIMTA

A. Amsa waɗannan tambayoyi da cikakkun jimloli.

1. A wace shekara aka kafa harsashin cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom?
2. Kawo hanyoyi huɗu na samun inji, ka faɗi amfanin biyu daga ciki.
3. Me ya sa ake samun injuna masu sauran ƙarfi daga Japan?
4. Me ya sa ƙarfin inji yake raguwa a kan tudu?
5. Me shuɗin hayaƙi yake nunawa? Baƙi fa?
6. Waɗanne abubuwa ya kamata a rubuta a kan rasit?
7. Bayyana yadda ha'incin mutum guda yake shafar sauran 'yan kasuwa.

B. Cike gurbi da saya, sayi, saye, sayo, sayar da, ko sayu.

1. Manomin ya ______ dankalinsa, ya karɓi kuɗi.
2. Ina rasit ɗin batir ɗin da ka ______?
3. Yayata ta je Bukuru ta ______ mana kabeji.
4. Motar tana da kyau, shi ya sa malam ya ______ ta.
5. Direban ya ______ sababbin tayoyi huɗu.
6. Saboda tsada, kayan ba su ______ ba.

C. Lissafi

Wani inji yana da ƙarfin doki 100 a bakin teku. Kimanin doki nawa zai rage masa a tudu mai tsayin mita 900? Rubuta amsarka da kalmomin Hausa.

JINGA

1. Ziyarci garejin da ke kusa da ku. Ka gai da maigidan da ladabi, ka roƙe shi ya nuna maka sassan inji guda goma. Rubuta sunayensu kamar yadda ya faɗa maka.
2. Ku kasu gida biyu a aji ku yi muhawara a kan wannan batu: "Wajibi ne mai sayar da mota ya faɗi aibinta ko da ba a tambaye shi ba."
3. A ce ka gama gyaran Corollar nan. Rubuta wasiƙa mai kalmomi 150 zuwa ga wani malaminku da yake son sayenta, ka bayyana masa abin da ya sami tsohon injin, da irin wanda ka sa, da gwajin da ka yi, da takardun da za ka ba shi.